Rakiyar da Ta Kai Kaduna

A da, idan mutumin cikin birni ya ce zai je tashar jirgin ƙasa, tafiya ce da ake yi wa shiri. Sai ka fita ta Ƙofar Doka, ka ratsa Tudun Wada, ka haye gadar Kubanni, kana tafe kana ganin gonaki da fadamun rake dama da hagu, kafin ka hango jan rufin tashar a can gaba. Yanzu gini ya haɗe tun daga gindin ganuwa har can, ɗan acaɓa kuma zai sauke ka kafin ka gama gyara zamanka. Jan rufin ma an kware shi. An daɗe ana gyaran tashar. An kewaye rabinta da langa-langa, injin kwaɓa siminti yana gurnani a inda masu fura suke zama a da, leburori da hulunan kwano suna hawa suna sauka. Amma ba a rufe ta ba. Jirgi yana zuwa, mutane suna turereniya ta wata 'yar ƙofa da aka yanka a jikin langa-langar, suna tsallake tarin yashi da buhunansu a ka.

Muna yara a Kwarbai da kunne muka san tashar, ba da ido ba. Gari shiru yake a lokacin, ba janareto, ba babur. Abin da za ka ji da safe shi ne kukan guga a bakin rijiya, da daka, da karatun da ke tashi daga zaurukan malamai, sai kuma sautin masu bugun riguna idan hantsi ya fara ɗagawa. A cikin waɗannan ne usur ɗin jirgin safe yake kutsowa, musamman da hunturu idan iska ta taso daga arewa, ya same ni ina share zaure kafin abokan aikin mahaifina su iso. Mahaifina maɗinkin babbar riga ne. Aikina shi ne in warware zare, in sa wa tsofaffin cikinsu zare a allura, in kai rigar da aka gama wurin masu bugu in jira ta. Kakata ta wajen uba, wadda a ɗakinta na tashi, ba ta son wannan usur ko kaɗan. Takan ce abin da ke kuka haka da sassafe bai ƙoshi ba, 'ya'yan mutane ya zo kwasa. Duk da haka da shi take auna lokaci. Idan ya yi kuka ba a sauke koko ba, ranar matan gida sun shiga uku.

Ni ne ɗan fari a wurin mahaifina, kuma yaran yanzu ba za su gane abin da wannan yake nufi a gida irin namu ba. Kunyata yake ji. Bai taɓa kiran sunana ba, bai taɓa zama kusa da ni ba, bai taɓa fuskantata da magana ba. Idan na durƙusa na gaishe shi da safe, rigar da ke cinyarsa yake amsa wa. Idan yana son in yi wani abu, sai ya ce wa wanda ke kusa a gaya wa yaron nan kaza, ko da kuwa yaron nan yana tsaye a bakin ƙofa yana ji. Ƙannena suna hawa jikinsa suna wasa da hularsa, ni kuwa ko inuwarsa ba na takawa. Ba ƙiyayya ba ce, kowa ya san haka, ni ma na sani. Haka aka yi masa, haka aka yi wa ubansa. Mai ɗaukar magana tsakaninmu shi ne ƙanensa, Baffa, mutum mai surutu da son mutane, wanda ba ya iya wuce kowa a hanya bai tsaya ba.

Akwai kuma rakiya. A wurinmu ba a barin mai tafiya ya fita shi kaɗai, kuma nisan da aka taka maka shi ne matsayinka. Baƙon kullum a kai shi bakin zaure. Suruki ko malami a kai shi ƙarshen unguwa. Mai tafiya mai nisa a kai shi ƙofar gari, idan kuwa an kai ka tasha, to an gama maka komai. Abin da na fi son a lura da shi shi ne yadda rakiya take ƙarewa. Mai rakiya ba ya juyawa don kansa, abin kunya ne, kamar ya ce ya gaji da kai. Mai tafiya ne yake tsayawa ya ce a koma haka, Allah ya ba da lada. Sai mai rakiya ya ɗan yi gardama, a ƙara 'yan taku, a sake cewa a koma haka. A nan ne yake ɗaga hannu ya yi maka addu'ar hanya, sannan ya juya. Addu'ar ba ta zuwa sai an sallame shi.

Da na gama makaranta sai na sami aikin akawu a tashar jiragen ruwa a Ikko. Mahaifina bai so ba. Yana ganin wanda ya je bakin teku ba ya dawowa yadda ya tafi, kuma ya riga ya ware mini wuri a zaure. Baffa ya kai masa maganar, ya dawo ya ce Yaya ya ce ya ji. Na tambaya ko ya yarda, Baffa ya ce shi dai abin da aka ba shi ke nan. Aka yi kwanaki a haka, ana soya mini dambun nama, ana fentin akwatin ƙarfe, mai gidan kuwa bai ƙara ko kalma ɗaya ba. Ana gobe tafiya Kaka ta kira ni ɗakinta. Da ma tsakanin kaka da jika wasa ne, miji take kirana, kullum tana ƙorafin ban ba ta kuɗin cefane ba. Ranar ma da wasan ta fara, ta ce ta ji labarin zan je in auro mai ɗaurin ɗankwali kamar faifai in bar ta. Sannan ta daina dariya.

"Ubanka ba zai ce maka je ka ba, ba zai ce kada ka je ba," in ji ta. "Addu'arsa za ka jira. In ka ji ta da kunnenka, tafi ko bangon duniya ne. In ya juya bai yi ba, ka sauke akwatinka ka dawo, ko da jirgin ya fara tafiya da kai. Ka ji ni, mijin banza?"

Na ce na ji, kuma na yi mata alkawari.

Da safe aka fito da akwati, wani maƙwabcinmu ya ɗora shi a kan kekensa yana turawa. Mata suka tsaya a soron ciki. Mahaifina yana zaune a wurinsa yana ɗinki kamar kowace rana. Har mun fita sai ya soke allurarsa a jikin hula, ya miƙe, ya ce wa Baffa zaren siliki ya ƙare masa, zai leƙa Tudun Wada. Ya biyo mu a baya, da 'yar tazara tsakani. A ƙarshen unguwa na sallami dattawa, a Ƙofar Doka na sallami abokaina, kowa ya yi addu'arsa ya juya. Shi ban isa in ce masa komai ba, tunda bai ce rakiya yake yi ba. Muka zo daidai rumfar mai siliki a Tudun Wada, na saci kallo, na ga ko waiwayarta bai yi ba. A kan gadar Kubanni ya ce wa Baffa an ce na Sabon Gari ya fi kyau. Muka wuce hanyar kasuwar Sabon Gari, nan ma bai ratse ba.

Ranar na fara ganin cikin tasha. Babu wanda ya tare mu, don a lokacin dakalin da jirgi ke tsayawa na kowa ne. Masu rakiya sun fi matafiya yawa. Ga masu dafaffen ƙwai da gyaɗa da rake, ga 'yan dako da gammo suna ihu a ba su hanya, ga ƙauri na kwal da man inji, ga harsuna iri-iri da ban taɓa ji a cikin ganuwa ba. Kan jirgin yana huci kamar sa da aka ɗaure. Baffa ya kutsa ya samo mini wuri kusa da taga, muka tura akwatin ƙarƙashin benci, hannun akwatin ya kama aljihun rigata ya yage shi. Ina cikin duba yagewar sai na ga mahaifina ya shigo taragon. Ya ce wa Baffa yana son ya ga ko katakon bencin nan yana da ƙwari. Ya danna shi da hannu, ya zauna a ɗaya ƙarshen.

Shirin da ke raina shi ne, idan lokaci ya yi, Baffa ya ce wa yayansa yaron nan ya ce a koma haka, ni kuma in kasa kunne. Amma Baffa ya ce bai kamata in tafi ba rake ba, ya sauka ya sayo. A wurin mai raken ya haɗu da wani da suka yi karatun allo tare. Aka kaɗa ƙararrawa, mai tuta ya ɗaga tutarsa, masu rakiya suka yi ta dirowa daga taragu. Mahaifina bai motsa ba. Ni kuma kalmomin suna bakina, na faɗe su ga mutane da yawa a safiyar nan, amma ban taɓa haɗa jimla na miƙa masa ita kai tsaye ba tunda aka haife ni. Ban da kunya akwai tsoro. Muddin ban sallame shi ba, ban ji hukuncinsa ba, kuma ina nan a cikin jirgi. Taragon ya girgiza, dakali ya fara ja da baya. Sai ga Baffa yana gudu da sandar rake a hannu, babbar riga tana tashi, yana kiran Yaya ya sauko. Mahaifina ya dube shi ta taga kamar yadda ake duban ruwan sama.

A bencin da ke fuskantarmu akwai wata Bayarbiya mai ƙiba, 'yar kasuwa, da ta sari albasa da busasshen barkono za ta kai kudu. Ta zauna a Sabon Gari shekaru, Hausarta tana fita sosai, sai dai ta karkace. Ita ta fara tambayar mahaifina inda za shi ba kaya ba guzuri. Ya ce rakiya ya yi. Wannan ne karon farko da na ji ya kira abin da sunansa. Ta tambaya wa ya rako, ya nuna ni da haɓa ba tare da ya juyo ba. Ta ce to me ya hana shi sauka. Ya ce ba a sallame shi ba. Matar nan ta dube shi, ta dube ni, ta yi dariya har tana dukan cinya. Ta ce ta ga abubuwa a jirgin nan, ta ga wadda ta haihu, ta ga akuya ta cinye tikitin mai ita, amma ba ta taɓa ganin wannan ba.

"Kai, ɗan samari, bakinka ciwo yake yi? Ce wa babanka ya tafi gida mana."

Na sunkuyar da kai. Da mai duba tikiti ya zo ya tambayi mahaifina inda zai sauka, sai ya ce bai sani ba tukuna. Mutumin ya ɗauka raini ne, sai da matar ta yi masa bayani da Yarbanci, shi ma ya yi murmushi, ya yanka masa na Kaduna, ya ce in an wuce can zai dawo. Matar ta ce a bar su, in suka kai Ikko a haka ita za ta samo wa Baba mata a can.

Daga nan ta zama Baffa ba tare da ta nema ba. Mahaifina ya ce mata ta gaya wa maƙwabcinta ya tuɓe rigarsa. Ta ce maƙwabcin nata yana da kunne, ga su nan manya-manya, amma ta faɗa. Na tuɓe na miƙa mata, ta miƙa masa. Ya zaro allurar daga hula, ya ciro zare daga aljihu, siliki ne kuwa, wanda aka ce ya ƙare. Jirgi yana jijjiga, shi yana ɗinke aljihun, hannunsa bai kauce ko sau ɗaya ba. Yana ɗinki yana ba matar saƙo. A gaya masa kada ya ci abin da bai san wanda ya yanka ba. A gaya masa duk garin da ya sauka ya fara neman masallaci kafin ya nemi ɗaki. A gaya masa tsohuwa ba ta iya karatu ba, amma tana son a karanta mata, saboda haka ya riƙa rubutowa. Matar tana maimaitawa tana ƙara nata, har da cewa in guji 'yan matan Ikko, sun fi barkononta zafi. Muka wuce ƙananan tashoshi, a kowace jirgi ya tsaya sai ta zungure ni da ƙafa, ni kuwa in kasa. Duk abin da ya faɗa nasiha ce. Nasiha ba addu'a ba ce, kuma Kaka ba nasiha ta ce in jira ba.

Bayan tashar Rigacikun matar ta daina wasa. Ta ce mini a hankali tsohon nan ko karyawa bai yi ba, kuma ba zai sauka da kansa ba ko da za a kai shi teku, in ina da tausayi in buɗe baki. Muka haye gadar kogin Kaduna, ƙarafuna suna ƙara a ƙarƙashinmu, jirgi ya shiga babbar tasha ya tsaya. Na jawo akwatina daga ƙarƙashin benci na ajiye a bakin ƙofa, don in abin ya zama haka in sauke shi da sauri. Na ga ya lura. Na sauka, ya biyo ni. A kan dakali, cikin mutane, na durƙusa a gabansa. Na buɗe baki na ce:

"Baba, a koma haka. Allah ya ba da lada."

Sai ya yi abin da kowane mai rakiya yake yi, ya ce a ɗan ƙara kaɗan, ya taka zuwa ƙofar taragon. Na sake faɗa. Sai ya ɗaga hannuwansa, idonsa a kan jirgin ba a kaina ba, ya ce, "Allah ya kiyaye hanya. Allah ya yi albarka, ya sa a dawo a same mu. Na yarda." Ya shafa, ya juya, ya shiga cikin taron bai waiwayo ba. Na koma na mayar da akwatin ƙarƙashin benci. Matar ta ɓare ƙwai ta miƙo mini, ta ce in ci, na yi aiki.

Daga baya na ji a motar itace ya koma, ya isa gida bayan la'asar. Kaka ta tambaye shi silikin, ya ce bai samu mai kyau ba. Har ya rasu ba mu sake zama a benci ɗaya ba, bai kuma kira sunana ba. Amma labarin ya zaga Kwarbai, Baffa ya tabbatar da haka, kuma shekaru da yawa idan mai rakiya ya cika nisa sai a tambaye shi ko Kaduna zai kai mutum.

Aikin nan ya kai ni wurare, na koyi Yarbanci da Faransanci a kan Larabci da Turancin da na tafi da su, kuma duk ƙasar da na je ina son in tsaya a tasha in ga yadda mutane suke rabuwa. A Alƙahira ana rungume juna ana kuka da ƙarfi, a gama a share ido a tafi shan shayi. A Abijan na ga ana sumbatar kumatu. A Ingila na tarar har ɗan tikiti ake saya don kawai a shiga a tsaya kusa da jirgi, a ɗaga hannu sau ɗaya, a duba agogo. A Indiya dangi gaba ɗaya sukan shimfiɗa tabarma a dakali su ci abinci tare da mai tafiya. Kowa da irin nasa, kuma ban ga wanda ya fi wani ba. Sai dai ban taɓa ganin inda mai rakiya yake jiran izinin mai tafiya kafin ya juya ba, in ba a wurinmu ba.

Kwanakin baya jikata za ta koma makaranta a kudu, ta ce jirgi za ta bi don ta gaji da hanyar mota. Na ce zan raka ta. Ta ce in zauna, kada in faɗi a hanya a ce ita ta kashe mijinta. Na bi ta duk da haka. A bakin 'yar ƙofar langa-langar wani ma'aikaci mai furfura ya tare ni da ladabi, ya ce Alhaji iyakarka nan, sai mai tikiti. Ya ce saboda aikin da ake yi ne, kada ƙarfe ya faɗo wa wani, amma ko an gama haka za a ci gaba, ya nuna mini inda ake kafa ƙofofin ƙarfe da za su riƙa buɗewa da tikiti. Ban ga laifinsa ba. Na ga irinsu a ƙasashe da yawa, kuma na san suna rage cunkoso da sata. Kafin in juyo, turereniya ta riga ta shige da yarinyar, sai bayan jakarta na hango.

Na koma gefe kusa da tarin yashi na tsaya. Ma'aikacin ya kawo mini kujera, na ce ya bar ta. Can sai wayata ta yi ƙara. Ta ce ta sami wuri, kuma tana hango hulata ta saman langa-langa, me nake jira a cikin rana.

Na ce, "Ba a sallame ni ba."

Ta san labarin, duk jikokina sun san shi. Ta yi dariya ta ce, "Tsoho, ka cika rigima. To, a koma haka. Allah ya ba da lada."

Na yi mata addu'ar a waya, injin siminti yana ƙara, sai da na maimaita kafin ta ji ta ce amin. Sannan na nemi ɗan acaɓa.

Tashar za ta yi kyau idan an gama, na ga tayil ɗin da aka jibge da sabon rufin. Amma rakiya ta daina kaiwa bakin jirgi. Yanzu a ƙofa take ƙarewa, ma'aikaci ne yake cewa a koma, kuma babu uban da jirgi zai sake tafiya da shi don ɗansa bai sallame shi ba.